Shekarar da Baba Bai Ɗanɗana Laka Ba

Azumin bana ya same ni a kan motokin, mashin mai ƙafa uku, ina raba piya wata, ruwan leda, shago-shago a Salaga. Ruwa a bayana har tayoyi suna kuka, ni kuma maƙogwarona kamar an zuba masa toka. Tun hantsi ƙarfen mashin yake ƙona tafin hannu. Awaki sun shige ƙarƙashin lori, ko jifa ka yi ba za su fito ba. Masu lissafi sun ce azumi zagayawa yake yi, sai bayan shekara talatin da 'yan kai yake dawowa lokacin da ya bari. Ni ban iya wannan lissafin ba, amma jikina ya gane. Wannan zafin na san shi.

Shekaranjiya na bi ta bayan wata bola don in rage hanya. Wani baƙin ruwa yana tsiyayowa daga ƙarƙashin shara, ya tsallaka titi, samansa yana sheƙi kala-kala kamar wuyan tantabara. Na taka burki don kada ya fantsamar mini. Warin ya shiga hancina. Shi ke nan, sai ga ni a Yendi, ina saurayi, da daro a ka.

Ni ba mai dogon zance ba ne. Amma wannan sai na faɗe shi daga farko.

Sunan ubana Issaka, mu Baba muke ce masa. A zangon Bawku aka haife shi, noman albasa ya tashi ya tarar. Da zai baro gida ya zo Yendi neman abinci, ubansa ba shi da saniya, ba shi da ɗakin da zai ba shi. Kwalba ya ba shi, 'yar ƙarama, cike da irin albasa, an toshe bakinta da tsumma da toka. Ja ce albasar, mai ƙarfi. Idan uwata Memuna, da muke kira Mma, tana yanka ta a madafa, wanda yake bakin ƙofar gida sai ya share ido. Ga ta da jure ajiya. Ta wasu tana ruɓewa tun tsakiyar damina, tamu tana nan a rumfa da taurinta.

Wanda bai yi noman albasa ba bai san wannan ba: irinta ba ya jira. Gero ka ajiye shi shekaru, ka shuka ya fito. Irin albasa shekara ɗaya ne. Ta biyu sai abin da Allah ya yi. Ta uku, garin gawayi ne kawai a hannunka. Don haka kullum sai an sabunta. Baba yakan zaɓi manyan albasa masu kyau ya ware su, muna ce musu uwaye. Bayan damina a dasa su a fangalinsu daban, kowace ta fitar da sanda, a kan sandar farin fure a dunƙule. Idan ya nuna a yanke, a shanya, a murje, a cika kwalba. Haka kwalbar take cika tana ƙarewa tun kafin a haife ni. Idan wani ya ce masa ai iri yana nan a kasuwa, sai ya ce, "Na kasuwa na kowa ne. Wannan daga hannun ubana ya fito." Lambun uban nasa a Bawku tuni an gina gidaje a kai, dangi sun watse. Abin da ya rage masa na gida, kwalbar nan ce.

Lambunmu yana bayan zango, a bakin wani rafi. Da damina rafin yana cika har ya hana tsallakawa. Da rani ya tsinke, ya bar gurbi ɗaya mai zurfi da muke kira Tukunya. Daga nan muke ban ruwa, garwa biyu a sanda, sandar a kafaɗa. Maƙwabcinmu a lambu Mba Ziblim ne, ɗan Dagomba, mai tumatir da alayyafo. Sa'an Baba ne, kuma bakinsa ba ya hutawa.

Idan zafi ya kai ƙarshe, Tukunya takan janye, baƙar lakar gindinta ta fito fili. Duk abin da ruwa ya kwaso cikin damina a nan yake kwanciya, ganye ne, kashin shanu ne, ruɓaɓɓiyar ciyawa ce. Taki ne da ba a saye. Kuma yakan zo daidai lokacin da uwaye suke zuba ƙwaya, suna neman abinci. To, Baba ba ya barin a ɗebi laka sai ya ɗanɗana. Zai sauka, ya dangwala babban yatsa, ya sa a harshe, ya yi shiru, ya tofar. Sai ya ce "nan", ko ya ce "a'a, ku matsa gaba". In ji shi, lakar kirki kamar ruwan sabuwar randa take a baki. Mai tsami tana cin saiwa. Ido yana ruɗuwa, hanci kuwa ba ya taimako, don laka dama wari gare ta.

Duk shekara sai Mba Ziblim ya tsokane shi. "Issaka, Memuna ba ta tuƙa maka tuwo ne, ka zo nan kana cin ƙasa?"

Baba ya ce, "Kai ci gaba da shuka ruwa kana kiransa tumatir."

Amma Mba Ziblim ba ya ɗiba sai inda Baba ya ce nan.

Wasu shekaru kafin azumin da nake ba da labarinsa, masu kwashe shara suka samu wani tsohon rami a saman rafin, inda aka haƙi marmara lokacin aikin hanya. Suka fara zubawa a ciki. Mu ko a jikinmu. A saninmu bola taki ce: toka, ɓawon doya, kashin awaki. Har roƙonta ake yi a kai gona. Ba mu san sharar gari ta canza ba. Daminar ƙarshe kafin azumin aka yi ruwa kamar ba za a daina ba, ramin ya cika, ya yi amai cikin rafi.

Da rani ya shigo, kwaɗin Tukunya ba su yi kuka ba. Na lura, amma wa yake zama ya yi zancen kwaɗi? Wata safiya tarwada suka taso sama, ciki a buɗe ga rana. Mata suka zo da kwanuka suka kwashe, ana ta dariya, ana cewa sa'a ce. Na kawo wa Mma nata rabon. Ta fasa cikin ɗaya, ta sunsuna, ta ce, "Wannan kananzir ya sha." Ta zubar a kwata. Bakin lawashin albasarmu ya fara ja, Baba ya ce zafi ne. Kuma gaskiya zafi ake yi.

Sai azumi ya kama. Bara mun gama ɗibar laka kafin a ga wata. Wannan shekarar shi ya riga mu.

Ga yadda kwanakin suke. Mma ta tashi ta ɗumama tuwon zafi da miyar kuka, mu ci ido rabi a rufe, mu ɗura ruwa har ciki ya yi ƙara. Ana idar da asuba mu sauka lambu, don a yi ban ruwa kafin rana ta ɗaga. Da safen da sauƙi. Zuwa hantsi sandar garwa ta fara cizon kafaɗa, gumi yana shiga ido. Abin da ya fi ciwo shi ne ruwan da kake ɗauke da shi yana fantsama a ƙafarka, kana jin sanyinsa a yatsu, bakinka kuwa ya manne. Kana zuba wa albasa tana sha kana kallo. Da azahar mu kwanta ƙarƙashin mangwaro, ba mai magana, gyare yana ta ƙara har kunne ya toshe. Ƙasa ma zafi take hurowa ta cikin tabarma. 'Ya'yan mangwaro suna faɗowa kusa da kanka, ƙamshinsu yana murɗa maka hanji, sai dai ka tara su a riga. La'asar a sake ɗaukar garwa. Kafin a kira magariba mu kama hanyar gida.

Baba a kan azumi ba shi da sassauci. Ko aswaki ɗanye ba ya kai wa baki da rana. Wajen alwala yakan taɓa ruwa a leɓe ne kawai kamar mai tsoron wuta.

Cikin tsakiyar watan Tukunya ta janye, laka ta fito. A ranakun kuma hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, ya yi baƙi, ya yi walƙiya, ya watse. Kowa ya san abin da hakan yake nufi. Idan ruwan farko ya sauka, Tukunya za ta rufe, laka sai wata shekara. Baba ya bi masu lambu ɗaya bayan ɗaya ya kira gayya.

Da sahur ɗin ranar, Mma tana zuba masa miya ta ce, "Malam, yau da wane bakin za ka ɗanɗana?"

Ya ce, "Ido ya isa."

"Ka bari mana a sha ruwa. Seidu ya ɗebo maka kaɗan ka taɓa, gobe a yi aikin."

Ni ne Seidu.

Ya ce, "Goben ke kika riƙe ta? Kin ga hadarin jiya. Kuma na riga na kira mutane, su bar aikinsu da azumi a baki su zo, in ce musu su koma?"

Mma ta tura masa kwanon ruwa.

Muka sauka. Wallahi ban taɓa ganin laka irin ta shekarar nan ba. Baƙa wuluk, da laushi kamar man kaɗanya, shebur yana shiga ba gardama. Inda ruwa ya ɗan kwanta a sawun ƙafa, sai ka ga sheƙin nan na wuyan tantabara. Baba ya tsaya a baki, ya dangwala yatsa yadda ya saba, ya ɗago shi har kusa da gemu, sai ya tuna. Ya goge a wando.

Mba Ziblim ya ce, "Taɓa mana. Afa, malaminmu, ya ce idan ka tofar ba komai."

Baba ya ce, "Afa ba shi zai tsaya gaban Allah da azumina ba."

"To yau Memuna ta huta, mijinta bai ci ƙasa ba." Mba Ziblim ya nuna sheƙin da fartanya. "Ka ga har da mai. Bana albasarka da mai a jikinta za ta fito, sai dai ka zo wurina neman tumatir."

Aka yi dariya, irin dariyar masu ƙishirwa, ba sauti sosai. Na ce wa Baba ban ga tana ko ɗaya a ciki ba. Ya ce zafi ya kore su ƙasa. Ya murza lakar a tafinsa, fuskarsa ta saki. Ya ce, "Bana Allah ya ba mu."

Muka yi layi daga gindin Tukunya zuwa lambu. Wasu suna haƙa, wasu suna cika daro, mu matasa muna ɗauka a ka. Lakar tana ɗiga ta wuya, ta gangara baya, rana ta busar da ita, fata ta riƙa ja. Baba yana cikin ramin har gwiwa, ƙafafunsa dama duk faso ne. Dokar gidanmu ita ce uwaye su fara ci, kuma su ci mafi kyau. Don haka lakar can ƙasa, wadda ta fi baƙi, ita aka fara kai musu. Baba ya fito ya bi su ɗaya-ɗaya da hannunsa, yana rufe gindin kowace kamar mai lulluɓe jariri. Furanni sun yi fari fat, sun kai mini ƙugu. Abin da ya saura aka watsa wa sauran albasa, Mba Ziblim da su wane suka ɗebi nasu. Da la'asar muka bi da ruwa don lakar ta shiga.

Muka iso gida ana kiran salla. Mma ta jera koko da ƙosai da mangwaron da na tara. Baba ya yi bisimilla, ya kurɓi ruwan randa, ya yi ajiyar zuciya. Daron da na ɗauko yana jingine da bango kusa da shi, laka ta manne a gefensa. Ba na jin ma ya yi niyya. Hannu ne ya tafi inda ya saba. Ya lakato, ya sa a harshe.

Ban manta fuskarsa ba. Ya tofar. Ya sake tofarwa. Ya kurkure baki, ya kankare harshe da haƙori, ya sake kurkurewa.

Mma ta ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Kamar na lashi batir." Sai ya juyo gare ni. "Seidu, wannan muka ba su?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

Ya miƙe zai fita, ko takalmi babu. Mma ta tare ƙofa, ta ce duhu ya shigo, fitilarmu ba ta haska fangali, sai dai ya je ya tattake su. Ya dawo ya zauna. Kokonsa ya huce a gabansa, ƙuda suka same shi. Mma ba ta ce ai na faɗa maka ba. Har ta mutu ban ji ta faɗa ba.

Gari yana wayewa muna lambu. Ba a sa fartanya, don za ta yanke saiwa. Da hannu muka riƙa kwashe lakar, a durƙushe, gindi bayan gindi. Samanta ya bushe ya yi ɓawo, ƙarƙashi kuwa ta narke ta bi ruwa ta shige. Mba Ziblim ya zo, Baba ya faɗa masa. Ya kalli tumatirinsa can gefe, ya kalli uwayen, ya durƙusa a namu. Ya ce, "Tumatir ana samu. Ku matsa mini."

Wannan ita ce rana mafi tsawo da na taɓa azumta. Iska ta tsaya cak. Zafin ya yi nauyi kamar an kifa mana kwano. Tsakanin yatsuna ya fara raɗaɗi, ƙarƙashin farce yana zugi. Hannun Baba ya yi ja, fatar tana saɓulewa a gaɓoɓi, bai tsaya ba. Ba mu je ƙarƙashin mangwaro ba. Harshena ya kumbura, idan na ɗaga kai sai in ga lambun yana juyawa.

Ba mu kai rabi ba, bayan azahar, iska ta taso mai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai ruwa. Manya-manyan ɗigo da farko, yana buga daro kamar tsakuwa, sannan ya sake gaba ɗaya. Daga zango muna jin ihun murna, mata suna fito da kwanuka, ana tara ruwa. Ruwan farko ne, kowa jiransa yake yi. Mu kuwa muna kallo lakar da ta rage tana narkewa, baƙin ruwa yana cika fangali, yana zagaye kowace uwa, yana nitsewa. Baba ya miƙe tsaye a tsakiyarsu. Ruwa yana gangaro masa daga hula zuwa gemu, ya damƙe leɓɓansa gam don kada ɗigo ya shiga ya karya masa azumi. Haka ya tsaya har aka ɗauke.

Kafin a shiga goman ƙarshe sandunan suka fara karyewa a wuya. Farin furen ya koma ruwan ƙasa. Baba yakan tsinko kai ɗaya ya murje a tafinsa ya hura, ƙaiƙayi ya tashi, tafin ya rage ba komai. Ya tsinko wani. Haka ya bi fangalin duka, bai tsallake ko ɗaya ba. Tumatirin Mba Ziblim ma ya ƙone tun daga ƙasa.

Ni da Mba Ziblim muka bi rafin sama har bakin ramin. Ni ban yi karatu ba, ban san sunan abubuwan da suke ciki ba, amma ga abin da na gani. Tsofaffin batiran mota an fasa an cire dalma, an zubar da ruwan, wurin ya yi farin ɓawo, ko ciyawa babu. Baƙin man da makanikai suke juyewa ya yi tafki. Duro-duro na maganin ƙwarin auduga, da hoton ƙoƙon kan mutum a jiki, sun yi tsatsa sun huje. Kwalaben magani, batiran tocila sun kumbura sun fashe, tayoyi suna hayaƙi. Daga ƙarshen ramin wata 'yar hanya baƙa ta sauka, siririya, ba ta fi faɗin tafin hannu ba, ta shiga rafi. Mba Ziblim ya daɗe yana kallonta. Na jira ya yi wasa, bai yi ba. Ya ce, "Tun yaushe muke alwala da wannan?"

Baba ya fi kowa amfani da ruwan nan. Shi a lambu yake wuni, butarsa daga Tukunya yake cika ta, idan ba azumi ba daga nan yake sha.

Salla ta zo ta wuce, tsofaffin riguna muka wanke. Sauran albasar muka cire, ƙanana, da laushi a wuya. Masu saye suka matsa suka ajiye. Duk da haka Baba ya zaɓi waɗanda suka fi dama ya shimfiɗa a rumfa, ko za su zama uwaye. Damina ta shigo da danshinta. Kowace safiya ya shiga rumfa ya juya su, ya fito da ɗaya ko biyu a hannu suna ɗigar ruwa, ya jefa bayan katanga. Warin ya cika gida, 'yan haya suka fara magana. Wata safiya ya shiga ya fito hannu biyu a cike, bai sake shiga ba.

Saura abin da yake gindin kwalba, ragowar shukar bara. Bai fi cokali ba.

Baba ya rantse ba zai sa shi a ƙasar nan ba. Ya sayi goro, ya sa babbar rigarsa, Mba Ziblim ya raka shi wurin dattawan da suke da ƙasa, ya roƙi ɗan wuri a saman bola inda ruwan yake da tsabta. Aka karɓi goro, aka ce ya yi haƙuri, wuraren duk da masu su, za a duba. Ya koma, aka ce za a duba. Mma ta ce a shuka a tsohon daro a tsakar gida. Ya ce, "Iri kaɗan ne, jifa ɗaya gare shi. Ba zan ba awakin gidan haya ba. Ƙasa tana zuwa." Lokacin shuka ya zo, ya tsaya, ya wuce. Ƙasa ba ta zo ba.

Daga nan jikinsa ya fara. Ciwon ƙafafun bai warke ba tun ranar gayya. Sai ciki, sai hannu yana rawa har ba ya iya riƙe kofi, sai kumburi. A asibiti suka ce ƙoda ce. Ban san ko ruwan ne ba, ba wanda ya ce mana shi ne, ba wanda ya ce ba shi ba ne. Ni na bar lambu na bi lori, ina lodi tsakanin Yendi da Salaga, don a ci tuwo. Azumin da ya biyo baya Baba ya fara, bai iya kaiwa ƙarshe ba, ya yi kuka kamar yaro.

Sai da wata daminar ta sake wucewa, ina dawowa daga tafiya na tarar da Mba Ziblim a bakin ƙofa yana washe baki. Wani mai lambu ya tashi, dattawa sun ce Baba ya ɗauki wurin. A saman bola, ƙasa mai kyau, ruwa garai-garai. Mba Ziblim ya shiga ɗakin Baba yana cewa, "Tashi, mai cin ƙasa, an samo maka sabuwa ka ɗanɗana."

Baba yana kwance, ya yi murmushi. Ya ce in miƙo masa kwalba. Ya girgiza ta kusa da kunne. Shi ya koya mini shekarun irin albasa, ya fi ni sanin lissafin. Ya ce, "Kafin ka sha wahalar sharar wuri, gwada tukuna. Jiƙa tsumma."

Haka ake gwadawa. A jiƙa tsumma, a barbaɗa iri, a ninke, a sa a gindin randa inda yake da sanyi. Mai rai yakan tsaga, ya fito da ɗan farin zare. Na barbaɗa kaɗan. Kowace safiya na buɗe na kai masa, ya kawo fuska kusa, ya taɓa da yatsan nan mai rawa.

"Ya tsaga?"

"Bai tsaga ba, Baba."

"Ƙara masa ruwa."

Da lokacin ya wuce, ya ce wataƙila na sama ne ya sha iska, in zuba duka. Na juye kwalbar, na buga gindinta a tafina. Muka sake jira. Tsumman ya fara wari, gefensa ya yi funfuna. Daga baya ba ya iya ɗago kai, idan ya ji na shigo sai ya tambaya ido a rufe. Ni kuma in ba shi amsar da na saba. Shi kuma ya ce in ƙara ruwa.

Ya rasu da hantsi, ranar kasuwa. Bayan an kai shi, na ci gaba da jiƙa tsumman. Ban san dalili ba. Idan na zo shan ruwa sai in ɗiga masa kaɗan. Mma tana gani. Sai da baƙi suka watse, gida ya koma shiru, wata safiya ta sunkuya ta zaro shi daga gindin randa, ta fita tsakar gida ta kakkaɓe. Kajin 'yan haya suka rugo suka tsince tas. Ta wanke tsumman ta shanya a igiya.

Wurin da aka ba mu ɗan Mba Ziblim ne ya noma shi. Ni ban sake riƙe fartanya ba. Da na je Yendi gaisuwar mutuwa kwanakin baya, na leƙa Tukunya. Ta cike da leda, har da ta piya wata irin wadda nake rabawa. Ban sauka ba.

Yanzu rana ta yi ƙasa, 'yata tana yanka albasa a bakin murhu don ƙosan shan ruwa. A kasuwa ta saya, mai sayarwa ya ce mata ta Bawku ce. Ina zaune dab da ita, idona ko ƙaiƙayi bai yi ba.